Kilomita 35 da kilomita 110: yadda aka kai wata bakwaini asibiti biyu a yini ɗaya

Yankin da tsarin da ake da shi

Lamarin ya faru ne a wata jiha ta Arewa maso Yammacin Najeriya cikin watan Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. An sakaya sunan iyalin da na asibitocin. Asibitoci uku ne abin ya shafa. Akwai ƙaramin asibitin mazaɓa, inda ma'aikaciyar lafiya ɗaya ke kwana. Akwai babban asibitin ƙaramar hukuma, kilomita 35 daga can, kuma rabin hanyar birji ce. Sai asibitin ƙwararru na babban birnin jiha, kilomita 110 daga babban asibitin, wanda shi ne ke da ɗakin jarirai marasa lafiya.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika kwana 28. Haihuwa kafin lokaci, rashin numfashi a wajen haihuwa da shigar ƙwayoyin cuta su ne kan gaba wajen jawo hakan. Da yawa daga cikin waɗannan jarirai a wani wuri ake haifarsu, maganinsu kuma yana wani wuri.

A da, idan jariri ya fi ƙarfin babban asibitin, takarda ake rubutawa a miƙa wa uba, shi ya san yadda zai yi da mota. Wasu su iso birni jaririn ya sandare, wasu a ce musu babu kwalbar ɗumama jarirai su gwada wani asibitin. Wannan ya sa ɗakin jarirai na birni da manyan asibitocin da ke turo masa marasa lafiya suka yi wani ƙaramin tsari a tsakaninsu: lambar waya ɗaya a hannun likitan da ke bakin aiki, mota ɗaya da direbanta, nas ɗaya da ta san aikin jarirai, da akwatin kayan aiki da ba a taɓa shi sai don tafiya. Ƙa'idarsu ita ce ba a ɗora jariri a hanya sai an yi waya an tabbatar da gado, kuma sai ɗumin jikinsa da sukarin jininsa da numfashinsa sun daidaita. Motar tana aiki ne daga wayewar gari zuwa magariba, tsakanin manyan asibitoci da birni kaɗai. Ƙananan asibitocin mazaɓu ba sa cikin tsarin.

Jajibirin haihuwa

Uwar 'yar shekara 22 ce, wannan ne cikinta na biyu. Sau biyu ta je awo, ba a yi mata hoton ciki ba, don haka da lissafin al'adarta ta ƙarshe aka ƙiyasta cikin ya kai kusan mako 32.

Faya ta fashe da misalin ƙarfe 9 na safe, amma babu ciwon naƙuda. Surukarta ta ce a dakata a gani, tunda cikin bai isa haihuwa ba. Mijin yana fadama wajen albasa. Sai bayan isha'i, da mara ta fara murɗawa, aka kai ta ƙaramin asibiti a kan babur. Ma'aikaciyar ta duba ta ce a wuce babban asibiti a daren, domin abin da za a haifa ƙarami ne. A garin akwai direban tasha da ke cikin shirin sa-kai na ƙungiyar direbobi ta NURTW, irin wanda aka yi a jihohi kamar Jigawa, Katsina, Zamfara, Yobe da Adamawa don kai masu naƙuda asibiti. An kira shi, ya ce hanyar ba ta biyuwa da dare, amma zai zo da an idar da sallar asuba.

Ranar farko, 3:40 na dare zuwa 7:50 na safe: tafiya ta farko

An haifi mace da ƙarfe 3:40 na dare, nauyinta kilo 1.55. Ta yi kuka, amma ba da ƙarfi ba. Ma'aikaciyar ta goge ta, ta yanke cibiya ta shafa maganin cibiya, ta naɗe ta a tawul da zani, ta koma kan uwar da ke zubar da jini. Ba a auna ɗumin jikin jaririyar ba, ba a sa mata hula ba, ba a kuma ɗora ta a ƙirjin uwarta ba. Mutum ɗaya ce ke aikin mutum biyu da hasken tocila.

Jinin ya tsaya kafin asuba, amma aka ga bai kamata a motsa maijego ba. Da ƙarfe 6:35 direba ya iso. Kaka ta rungumi jaririyar a kujerar baya, uba da ƙanwarsa suka shiga tare da ita. Tawul ɗin da aka goge ta da shi tun dare, mai danshi, shi ne dai a jikinta a ƙarƙashin zani. Gilashin baya ɗaya ba ya rufuwa sosai. Takardar da aka ba su layi biyu ce: bakwaini, a kai babban asibiti. Babu wanda ya yi waya gaba.

Sun isa da ƙarfe 7:50. Awon farko ya nuna ɗumin jiki digiri 34.1, sukarin jini 1.8, iskar oksijin a jini kashi 81 cikin 100, numfashi 74 a minti. Tana nishi a kowane numfashi, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa, hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, daga 32 zuwa 35.9 kuwa sanyi ne mai haɗari. Sukari a jinin jariri ba a son ya gaza 2.6. Abubuwan nan a sarƙe suke. Jariri ba ya rawar ɗari kamar babba, wani kitse na musamman yake ƙonawa ya samar da ɗumi, kuma bakwaini ba shi da shi da yawa. Ƙona shi yana cin sukari yana cin iska. Idan sanyi ya daɗe sai sukari ya faɗi, numfashin da dama huhu bai gama ƙosawa ba ya ƙara wahala, jaririn ya kasa tsotso, sukarin ya ƙara faɗuwa.

7:50 zuwa 10 na safe: abin da aka gwada a babban asibiti

Babban asibitin yana da kwalba ɗaya, amma ta lalace. Akwai gadon ɗumama jariri mai hita a sama, sai dai babu wuta, batiran sola kuma sun yi ƙasa bayan aikin dare. Ƙaramin injin tace iska ne kawai batirin ya iya ɗauka, da shi aka sa mata oksijin ta 'yar robar hanci. Awon iskar ya tashi zuwa 88.

Aka cire tawul mai danshi, aka lulluɓe ta da barguna biyu. Bayan minti 45 ɗumin jikinta ya koma 34.3 kacal. Bargo kamar kula yake: yana riƙe zafin tuwon da aka zuba da zafinsa, ba ya ɗumama wanda ya riga ya huce. Wata mai jinya a gadon kusa ta kawo shawarar a jera robobin ruwan zafi a gefenta, har kaka ta fara cikawa. Nas ɗin ɗakin ta hana, domin fatar bakwaini ba ta da kauri, tana ƙonewa kafin a ankara, ga shi ba ta da ƙarfin motsawa ta kauce.

Sau uku aka nemi jijiya don sa kanula, wato robar ƙarin ruwa, ba a samu ba, sanyi ya sa jijiyoyin sun ɓuya. Nonon farko da za a ɗiga mata yana can kilomita 35 tare da uwarta.

A nan uban ya ce tunda direba bai tafi ba, a ba su takarda su wuce birni kawai. Asibitin yana da tasa motar, amma babu mai a ciki sai iyali sun saya, babu silindar iska, babu kuma ma'aikacin da zai bi su. Likitan asibitin ya roƙi uban ya ba shi minti biyar, ya kira lambar ɗakin jarirai da ƙarfe 8:50.

Likitar da ta ɗauka ta nemi awo huɗun nan, ta nemi nauyi da lokacin da faya ta fashe. Ta ce akwai gado, an ajiye mata, mota za ta taso. Amma kada a motsa jaririyar a wannan hali. Ta ba da umarni huɗu: a tuɓe ta a ɗora a ƙirjin wani babba fata da fata, a sa mata hula a rufe su tare, a bi ta jijiyar cibiya tunda ta hannu ta ƙi, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, domin faya ta fashe fiye da awa 18 kafin haihuwa, a kuma koma a ɗauko uwar idan jikinta zai ɗauki tafiya.

Uban bai ji daɗi ba. A ganinsa mota tana tsaye a ƙofa, 'yarsa tana nishi, ana ce masa ya jira wata motar da ko tasowa ba ta yi ba. Likitan ya nuna masa ma'aunin ya ce, "Malam, tafiyar awa ɗaya ce ta kawo ta 34. Ta birni awa biyu ce da wani abu." Ya yi shiru, sannan ya ce wa direba su koma su ɗauko maijego.

Gwaggon jaririyar, ƙanwar uban, ita ta zauna aka ɗaure mata ita a ƙirji da zani. Likitan ya sa siririyar roba ta jijiyar cibiya, ya ba da ruwan sukari mai ƙarfin kashi 10, mililita 2 a kan kowane kilo, wato kusan mililita 3. Aka bi da ampicillin da gentamicin da allurar bitamin K.

10 na safe zuwa 2 na rana: jira da shiri

Da ƙarfe 10:15 ɗumin jiki ya kai 35.2, sukari 3.1. Da ƙarfe 11:30 ya kai 36.1. Uwar ta iso da tsakar rana. Aka duba jininta da mahaifarta aka ga babu matsala, aka mayar da jaririyar ƙirjinta, aka tatsi 'yan ɗigon nonon farko aka shafa mata a baki.

Motar birni ta iso ƙarfe 1:10, bayan ta tsaya shan mai. Nas ɗin tafiya ba ta ɗauki jaririyar nan take ba, minti 50 ta yi tana shiri, dangi suna ta leƙe ta taga. Ta sake awo: ɗumi 36.6, sukari 3.6, iska 92, numfashi 66, nishin ya ragu amma bai tafi ba. Ta ƙara manne robar cibiya da filasta, domin idan ta zare a hanya babu mai mayar da ita cikin mota tana tafiya. Ta zura robar ciki ta baki ta bar ta a buɗe don iska ta riƙa fita. Ta zuƙi ruwan sukari a sirinji, tunda motar ba ta da injin ƙarin ruwa: jaririyar tana bukatar kusan mililita 4 a awa, sai ta tsara ba da mililita 1 duk minti 15 da hannu.

Sai lissafin iska. Ƙaramar silinda a cike tana ɗaukar kusan lita 680. A lita 1 duk minti za ta yi awa 11. Na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta buɗe huhu kuma ita jaririyar ke bukata a gaskiya, tana cin lita 5 zuwa 6 a minti, silinda ɗaya kusan awa biyu kawai za ta yi. Shi ya sa ba a amfani da ita a wannan motar. Da robar hanci za a tafi, da silinda biyu.

Aka kwantar da uwar a gadon motar, aka ɗaga bayanta, aka ɗaure ta da bel. Jaririyar tana tsakanin nonuwanta a tsaye, kanta a juye gefe, wuyanta a ɗan miƙe, da hula da safa, an ɗaure ta da zani an rufe su da bargo. Nas ta ce wa kaka, "Inna, ku biyo mu a motar haya, nan ni da ita kaɗai za mu zauna a baya." Ta ce wa direba ya rufe gilasai, babu jiniya, babu gudu, babu taka burki da ƙarfi. Kafin su tashi ta kira birni ta faɗi lokacin da take sa ran isa.

2:00 zuwa 4:15 na yamma: tafiya ta biyu

Duk minti 15 nas tana rubuta awon iska da bugun zuciya, duk minti 30 tana auna ɗumi a hammata. Awa ta farko lafiya lau.

Wajen kilomita 70, bayan sun haye jerin tudun rage gudu a wani gari, na'urar da ke ƙafar jaririyar ta fara ƙara. Iska ta faɗi zuwa 72, bugun zuciya ya yi ƙasa, ƙirji ya daina motsi. Nas ta ce direba ya tsaya. Ta tarar kan jaririyar ya zame, haɓarta ta dafe a ƙirji ta toshe hanyar iska. Ta gyara wuyan, ta shafa bayanta, ba ta motsa ba. Sai ta kwance ta, ta shimfiɗa ta a kan cinyar uwar, ta hura mata iska da jakar numfashi na kusan minti ɗaya har ta ja da kanta. Aka jira minti 10 a gefen titi, iska ta koma 93, aka sake ɗaure ta, a wannan karon bakin zanin yana daidai ƙasan kunnenta yana tallafe kai.

A tsayuwar ne nas ta lura allurar silinda ta farko ta sauka fiye da lissafi. Bakin silindar yana yoyo. Ta juya kan ta biyu.

Sun isa ƙarfe 4:15. Ɗumin jiki 36.7, sukari 3.9, iska 93. Ba a tsaya yankar kati ba, an wuce da su ɗaki kai tsaye, na'urar CPAP a haɗe tana jira.

Kwana 2 zuwa 12: ɗakin jarirai

Ta yi kwana huɗu a kan CPAP, ana kula kada iskar jininta ta wuce 95, domin yawan oksijin yana iya lalata idon bakwaini. An ba ta maganin da ke rage ɗaukewar numfashi. A kwana na uku shawara ta fito, aka haska ta da fitila kwana uku. Nonon uwa aka riƙa tatsa ana ba ta ta roba, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, daga baya aka koma ƙaramin kofi. Nauyinta ya sauka zuwa kilo 1.41 a kwana na biyar, sannan ya fara hawa. An kammala allurai a kwana na bakwai. A ranar suna aka yanka rago a ƙauye aka raɗa suna, ita da uwarta suna birni.

A kwana na tara uban ya ce zai ɗauke su. Kuɗin magani da abinci da na mota sun cinye abin da ke hannunsa, albasa tana jiran ban ruwa, babbar 'yarsu tana wajen maƙwabta. Jaririyar a lokacin kilo 1.48 take, ba ta iya tsotso sosai ba. Maimakon a ba shi takardar sa hannu cewa ya tafi bisa raɗin kansa, likitar ta ba shi zaɓi: ya ƙara kwana uku, motar da ta kawo su za ta mayar da su babban asibitin ƙaramar hukuma, a ci gaba da goyon ƙirji a can kusa da gida. Ya amince.

Kwana 12 zuwa mako 6: komawa

An mayar da ita a kwana na 12 tana kilo 1.56, a ƙirjin uwarta, ba tare da iska ba. Takardar da ta bi ta shafi guda ce cike: abin da aka yi mata, yawan nonon da za a ba ta duk awa biyu, alamun haɗari, da ranar duba ido a birni. Gadon da ta bari, a yammacin ranar aka kwantar da wani jaririn a kai.

A babban asibiti uwa da gwaggo suka riƙa karɓa-karɓa wajen goyo, dare da rana. An yi mata rigakafin farko, an sallame ta a kwana na 24 tana kilo 1.82, tana kama nono da kanta. Aka ja kunnen kaka a kan wanka da sassafe da fitar da ita tsakar gida cikin iska.

Ranar duba ido ta wuce ba su je ba. Takardar ta tsaya a fayil ɗin babban asibiti, kwafinta bai kai ƙaramin asibitin mazaɓa ba, ita kuma ma'aikaciyar can ba ta ma san an dawo da jaririyar ba. Nas ɗin tafiya ce ta ga gurbin a littafinta, ta kira lambar uban. An kawo ta bayan mako biyu da ranar da aka sa, aka duba, idon lafiya. A mako na shida nauyinta kilo 2.35.

Abin da lamarin ya nuna

Jaririya ɗaya, yini ɗaya, tafiya biyu. Gajeriyar ta sauke ta zuwa 34.1, doguwar da ta ninka ta sau uku ta kai ta a 36.7. Motar ta biyu ba ta da kwalba, ba ta da injin numfashi. Abin da take da shi shi ne jaririyar da aka ɗumama aka gyara wa sukari kafin a tashi, ƙirjin uwa, ma'aikaciyar da ta san me za ta yi idan numfashi ya ɗauke, silinda ta biyu, da gadon da aka riga aka ajiye. Da an bi shawarar uban da ƙarfe 8:45, ɗaukewar numfashin nan za ta iya samun ta a kujerar bayan motar haya a hannun kakarta, jikinta a 34. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Duk wanda ya ga 'yarsa tana nishi zai so ya ruga da ita, kuma shekara da shekaru abin da asibitoci da kansu ke cewa a yi ke nan.

A ƙasashen da suka daɗe da wannan aiki, kamar jihar New South Wales ta Ostireliya da ta kafa tawagar ɗaukar jarirai tun 1979, ana tafiya da mota da jirgi mai saukar ungulu da kwalbar tafiya. Kayan sun fi ƙarfin aljihunmu, amma ginshiƙin aikin ɗaya ne: kira guda, shawarar ƙwararre tun ta waya, tawaga ta je wurin jariri ta daidaita shi kafin a motsa. Wannan ɓangaren babu abin da ya hana mu shi. Goyon ƙirji kuwa, wanda aka faro a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, yana da hujja mai ƙarfi. Gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a asibitoci a Najeriya, Ghana, Indiya, Malawi da Tanzaniya, ya nuna cewa fara shi nan take ga jariran kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100. A cikin ɗakunan asibiti aka yi gwajin, ba a mota ba, kuma abin da ya faru a kilomita 70 ya nuna cewa a hanya sai an sa ido a kan wuyan jariri a kowane gargada.

Inda tsarin ya gaza a fili yake. Mafi munin ɓarnar ta faru ne kafin ya san da jaririyar. Awa 12 faya tana fashe uwar tana gida. Da an kai ta birni da cikinta a wannan yinin, da an samu damar yi mata allurar da ke taimaka wa huhun bakwaini ya ƙosa, da kuma an haifi jaririyar a gefen na'urar da take bukata. Hula, busasshen zani, ma'aunin zafi da ɗora ta a ƙirji tun 3:40 ba su kai kuɗin litar mai ba, amma ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ba ta da lambar da za ta kira a tuna mata, ba ta da kuma na biyu da zai kama mata. Direban sa-kai ya cika alkawarinsa, sai dai an horar da shi ne a kan mace mai naƙuda, ba a kan jariri mai kilo ɗaya da rabi ba.

Bayan wannan lamari an ba ƙananan asibitocin yankin lambar wayar, an ce kwafin takardar sallama ya riƙa kaiwa gare su, an kuma ƙara gwada bakin silinda cikin abubuwan da ake dubawa kafin mota ta tashi. Maganar mai tana nan, ta ƙara tsanani tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don agajin gaggawa, kuma ɗaukar jariri irin wannan ya cancanci a biya shi daga nan, ba daga aljihun manomin albasa ba. Motar har yanzu ɗaya ce, idan ta tafi wani asibitin sai a jira ta dawo, kuma daga magariba zuwa asuba ba ta fita.